Madafar da Malam Mudi Ya Ɓoye

Shekara talatin da huɗu ke nan Barakatu tana girki a tsakar gida, babu rufi a kanta sai sararin Allah. Da rani rana ta gasa ta tare da tukunyar. Da damina kuwa sai ka gan ta da faifai a hannu tana tsere da hadari, ta rufe miya tuwo ya jiƙe, ta rufe tuwo wuta ta mutu. Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan Malam Mudi masunci cikin watan Agusta ya san ɗanɗanon ruwan sama.

Kada a ɗauki alhakin Malam Mudi, ba mugu ba ne. Mutum ne mai tura kwalekwalensa cikin dam ɗin Tiga tun da sassafe, ya dawo da tarwaɗa da karfasa, ya ware mafi girma ya ce wannan na gida ne. Illarsa ɗaya ce tak: da an ce gini, sai ya ce bayan kaka. Ranar da aka kawo masa Barakatu ya nuna mata fili ya ce, "Nan za a yi miki madafa, bayan kaka." Kaka ta zo ta wuce sau talatin da huɗu, madafa tana nan a bakinsa.

Bana dai ɗansu Abdussamad, mai aikin walda a Kano, ya gaji da jin labari. Ya turo mota da bulo da siminti da kwanon rufi, aka jibge a zaure. Barakatu ta zagaya kayan sau biyu, sannan ta je ta tsaya a kan mijinta yana ɗinkin raga.

"Malam, ga bulo, ga siminti, ga kwano. Saura me?"

"Saura a yi shawara," in ji shi, bai ɗago kai ba.

"To, ka yi shawararka. Amma ranar da ruwan farko ya sauka a kan tukunyata, Dangora zan tafi wurin 'yata Mariya in ga jikokina. Ba yaji zan yi ba, na wuce shekarun yaji. Ziyara ce, sai dai ban san ranar dawowa ba."

Malam Mudi ya yi dariya, irin dariyar da ba ta wuce haƙori. Da yamma ya leƙa ɗakinta neman ashana, sai ya ga ƙunshin kaya a bayan ƙofa, an ɗaure shi tamau. Yana son matarsa, wannan gaskiya ce, ko da yake da ya faɗa da bakinsa gara ya haɗiye ƙugiya. Ya fito ya dubi gabas. Gizagizai sun fara taruwa jefi-jefi.

To, me zai hana ya kira magini gobe a wuce wurin? Ga abin da ya hana. Bara wutar bandar kifi ta tashi a unguwar, ta lashe jinkar gida uku. Tun daga nan mai unguwa da dattawa suka zartar cewa duk mai son gina madafa ko murhun banda, sai duba-gari ya zo ya auna wurin, ya ba shi takarda. Abin ba shi da wuya. Ka je ka faɗa, a zo a auna, a buga hatimi, shi ke nan. Amma ga Malam Mudi, gara a ce masa ya kwana a bakin kada da a ce mai igiyar awo ya shigo gidansa.

Yana ɗan shekara bakwai waɗansu mutane suka zo tsohon garinsu da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Mutanen kirki a ido. Suka gai da babansa cikin ladabi, suka sha ruwan randarsa, suka auna, suka rubuta, suka shafa jan fenti a bango. Ba a jima ba aka ce kowa ya tashi, ruwa na zuwa. Yau garin yana ƙarƙashin dam, kullum Malam Mudi yana tuƙa kwalekwale ta saman gidan ubansa. Da za su taso, baban ya cire ƙyauren zaurensa da azara goma sha biyu, ya ɗauko su har nan. Bai yi gini da su ba. Ya ɗaure su wuri ɗaya a tsakiyar sabon gidan ya ce, "Kada a kwance. Ba a san ranar da za a sake cewa a tashi ba." Tsohon ya rasu da daɗewa, amma duk shekara Malam Mudi yana sabunta igiyar, ya gyara tsohon kwanon da ya kifa a kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, don a ganinsa wauta ce ka gina abin da ba za ka iya ɗauka a ka ba.

Yanzu ga shi a tsaka mai wuya, ga ƙunshin Barakatu, ga igiyar awo. Ya kwana biyu yana saƙa da warwara, sai dabara ta faɗo masa, kuma wallahi da ta zauna inda take da ya fi. Zai gina madafar, amma a ɓoye.

Akwai wani lungu a bayan gidan, tsakanin bangon masai da katangar maƙwabcinsa Sale, Bafillace mai noma da kiwo. Ba a hango lungun daga hanya. Malam Mudi ya tsaya ya dube shi cike da murna. "Kai, ai rabin aikin ma an riga an yi," ya ce a ransa, "ga bango biyu a tsaye." Bai kira magini ba, don Ɗanjuma magini bakinsa ya fi rediyo. Ya jira ranar kasuwar Tudun Wada, ranar da unguwa ke yin tsit, ya kwaɓa siminti da kansa. Da filafilin kwalekwale ya yi awonsa. Kasuwa uku ya yi yana fama, bango ya tashi yana ɗan sunkuyawa gefe. Da ya zo rufi, kwano ya yi saura, sai ya zarce da shi har kan masai, ya ce shi ma ya huta da tsugunno a rana. Tsakanin kwanon da bangon da ya raba ɗakunan biyu akwai rata kamar taƙi ɗaya, bai damu da ita ba. Taga kuwa, ina! Taga ai ita ce mai kai tsegumi, hayaƙi ya fita gari ya sani.

Barakatu ta zo ta leƙa. Ta daɗe tana jiran idonta ya saba da duhu.

"Malam, wannan madafa ce ko kurkuku?"

"Sai kin shiga za ki ji daɗinta."

"Jikin masai fa?"

"Bango ya raba ku."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Da babu gara ba daɗi." Ta kwaso duwatsun murhunta ta kai ciki.

Washegari da la'asar ta hura wuta da ɗanyen itace, ta ɗora tuwo, ta zuba manja a kasko, ta jefa barkono da daddawa. A daidai wannan lokaci Malam Mudi ya ɗauki butarsa ya shiga masai, yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi. Hayaƙi ya tashi ya nemi taga bai samu ba. Ya bi kwano, ya tarar da ratar nan, ya gangara gaba ɗayansa, da barkonon da komai, a kan mai gida.

Jama'a, ba a ga irin fitar da Malam Mudi ya yi ba! Hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya da buta, ido jawur, yana tari yana ihu, "Gobara! Wayyo jama'a, gobara!" Ya manta sam cewa shi ya gina madafa a wurin.

Mutanen unguwa kuwa tun wutar bara a shirye suke, kowane gida da bokitinsa a cike. Sale ne ya fara dirowa ta katanga da ruwan da ya ɗebo wa shanunsa. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Suka ga hayaƙi yana tuttuɗowa daga wani baƙin ɗaki da ba wanda ya san da shi, suka yi ta sheƙa ruwa ta ƙofa. Sai da bokiti na tara ya shiga sannan aka ga mutum ya fito daga ciki. Barakatu ce, sharkaf, da muciya a hannu.

Ta ɗaga kai ta dubi sama, rana tana nan tarwai. Ta juyo ta dubi mijinta, wanda har yanzu bai ɗaure tazugensa ba.

"Malam, shekara talatin da huɗu ruwa yana dukana ta sama. Yau ka yi mini rufi, ya shigo ta ƙofa."

Mata suka rufe baki da mayafi, maza suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Sale ya fi kowa dariya, har sai da ya lura kwanon da ya ɗau zafi bai fi kamu ɗaya daga jinkar rumbunsa ba. Nan dariya ta koma ciki. "Kai, Kaɗo! Dawata ta shekara guda kake so ka gasa?" Ya fita yana faɗa, kuma ba gida ya nufa ba, ƙofar mai unguwa ya nufa.

Barakatu ta shiga ɗaki ta sake zane, ta ɗauko ƙunshin nan ta nuna wa mijinta, ta mayar bayan ƙofa. "Ruwan farko na ce. Wannan na bokiti ne, ban sa shi a ciki ba. Amma ka dubi gabas."

Da hantsi washegari aka yi sallama. Duba-gari ce ta zo a kan babur, wata matashiya mai suna Luba, da farar riga a kan hijabinta da jaka a kafaɗa. Ta rusuna har ƙasa. "Baba, ina kwana? Yaya ruwa, yaya iyali?" Ta gai da Barakatu, sannan ta ce ko za a taimaka mata da ruwan sha, don hanya da ƙura. Barakatu ta ɗebo mata a randa.

Malam Mudi ya zuba ido. Ga ladabi. Ga shan ruwan randa. Luba ta buɗe jaka, ta fito da igiyar awo. Ta sake sa hannu, ta fito da ɗan gwangwani. Ta auna lungun tana girgiza kai, ta rubuta, ta tsoma buroshi, ta shafa jan fenti a karkataccen bangon.

Shi ke nan, an gama da shi. Ya shiga ɗaki ya naɗe tabarma, ya sauko da ragarsa daga kan igiya, ya kwance akuya daga turke, ya leƙa ta katanga ya ce wa Sale don Allah a manta da jiya, ya ara masa amalanke. Sannan ya zo ya tsaya a gaban Luba, da akuya a hannu.

"'Yata, kwana nawa kuka ba mu?"

Luba tana rubutu ta ce, "Kwana bakwai ya isa, Baba."

"Bakwai! Innalillahi! Na farkon ma sun fi ku tausayi, sai da suka bari muka girbe gero. To ina za a kai mu wannan karon? In da hali kada a raba ni da ruwa, ban iya wata sana'a ba."

Luba ta saki baki. Ta dubi akuya, ta dubi tabarma, ta dubi Barakatu. Barakatu ta so ta yi dariya, amma da ta ga idon mijinta sai dariyar ta ƙi zuwa, tausayi ya kama ta. Ta jawo Luba gefe ta gaya mata labarin masu jan fenti a taƙaice.

Luba ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ta dawo ta durƙusa a gabansa. "Baba, ni ma kakata daga can ƙarƙashin ruwan take. Har ta rasu tana ba mu labarin wata tsamiya a ƙofar masallaci."

"Tsamiyar ƙofar masallaci? Ke jikar wace ce?"

"Salamatu mai ƙosai."

"Allahu akbar! Mai ba mu gyara in babanmu ba ya kallo?"

"Ita fa. Baba, jan fentin nan na bangon nan ne shi kaɗai. Shi za a rushe cikin kwana bakwai, kafin ya faɗo wa Inna. Ba wanda zai tashe ku. Mayar da akuyarka."

Malam Mudi ya mayar da akuya, amma tabarmar ya riƙe ta a hammata, don bai gama yarda ba.

Sai Luba ta shiga bayani, Barakatu tana riƙe mata bakin igiyar. Madafa ba ta haɗa bango da masai, sai an ba da tazara mai kyau saboda ƙuda. Ba ta matsar jinka, ko ta gida ko ta maƙwabci. Sai an yi mata taga a sama, daura da ƙofa, hayaƙi ya sami hanya. A ɗaga daɓenta, a haƙa ɗan rami da ruwan wanke-wanke zai riƙa gangarawa, kada ya nufi rijiya. Malam Mudi ya ce in dai wannan ne ai fili ya yi yawa. Ya nuna gindin darbejiya, aka auna, rijiya ta yi kusa. Ya nuna bayan zaure, aka auna, jinkar ɗakin awaki ta hana. Ya nuna kusurwar kudu, sai ga kan Sale ya leƙo ta katanga yana cewa ko da wasa. Igiya ta zagaye gidan kaf, ta dawo ta tsaya a tsakiya, daidai kan ɗaurin azara da ƙyaure.

"Nan ne, Baba," in ji Luba.

"Ba a taɓa wannan."

"Ka ga dai da idonka, babu wani wurin."

"Na ce ba a taɓa shi. Wasiyyar mahaifina ce."

Barakatu ta saki bakin igiyar, ta dubi gabas. Can nesa, wajen Doguwa, aka ji cida ta yi ƙugi a hankali.

Luba ba ta ja da shi ba. Ta ɗora takarda a kan sirdin babur ta cike, ta hura wa hatimi iska ta buga, ta miƙa masa da hannu biyu. "Ga ta, Baba. In ka yanke shawara, a nan aka yarda."

Malam Mudi ya juya takardar sama da ƙasa. Shi allo ya yi, bai yi boko ba. "Me ta ce?"

Luba ta karanta: "An yarda Malam Mudi ya gina madafa a gidansa."

"Sake karanta ƙarshen."

"A gidansa."

"Haka aka rubuta? Ba ke kika ƙara don ki faranta mini ba?"

"Ga shi nan baƙi da fari, Baba. Ga hatimi."

Ya daɗe yana kallon hatimin. Shi tun da ya zo duniya takardar hukuma iri ɗaya ya sani, mai cewa a tashi. Yau ga wadda ta ce ya gina, har ta kira gidan nasa. Ya ajiye tabarma. Ya linke takardar ya sa a aljihun gaba, ya zaro wuƙar da yake fede kifi da ita, ya je ya tsaya a kan ɗaurin.

"Baba, ka yafe mini," ya ce a hankali. "Sun ce mu zauna."

Ya yanke igiyar. Wata kaza da ta yi wata guda ana nemanta ta fito a guje da 'yan tsaki bakwai, ƙadangaru suka watse ko'ina, Luba ta yi tsalle ta haye turmi da farar rigarta. Azarar kuwa, giginya ce ta gaske, shekara hamsin ba ta yi mata komai ba. Luba ta sauko ta ƙwanƙwasa ɗaya ta ce za ta yi rufi, muddin an ɗaga ta sosai daga wuta.

Aka kira Ɗanjuma magini, tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Ya yi aikin yana ba masu wucewa labarin wando da buta, kullum da ƙari. Sale ya zo ya yi ta miƙa bulo, yana cewa ba don Allah yake yi ba, don rumbunsa yake yi. Kwana shida aka rushe kurkukun, aka tayar da madafa a tsakiyar gida, da tagarta a sama, da azara goma sha biyu a ƙarƙashin kwano, da ƙyauren tsohon gari a ƙofa.

Ran na takwas da la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Malam Mudi yana kwashe raga daga kan igiya iska ta taso, ya ruga ya tura ƙyauren madafa. Ƙyauren ya yi wata 'yar ƙara mai tsawo, ƙiii. Ya tsaya cak da hannu a kai. Rabonsa da jin wannan ƙara tun yana ɗan shekara bakwai, in babansa ya dawo daga gona.

Barakatu tana tuƙa tuwo. Ɗigon farko ya bugi kwano, tas! Ta yar da muciya, ta fizgi faifai, ta kife a kan tukunyar miya, ta juya tana neman abin rufe tuwo. Sai ta tsaya. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, amma ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wuta tana ci abinta. Ta koma kan kujerarta ta zauna da faifan a cinya, hawaye na bin kumatunta.

"Lafiya?" in ji Malam Mudi.

"Hayaƙi ne."

Ya ɗaga kai. Hayaƙi yana fita ta taga tiryan-tiryan. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da ita.

Ta kwashe tuwo ta miƙa masa. Ya kai loma, ya tauna, ya ɗan yamutsa fuska. "Na yau kamar ya ɗan yi tauri."

"Miƙa kwanon waje, a ƙara maka abin da ka saba."

Suka yi dariya tare, har ta share ido da gefen zane. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, sanyi nake ji. Jeka ɗakina, ƙunshin nan na bayan ƙofa, kwance shi ka ɗauko mini mayafi. Sauran kayan ka zuba su a akwati."

Malam Mudi ya ajiye kwanon tuwo ya fita cikin ruwan nan, ko hula bai tsaya ɗauka ba.